An ce min mawaƙan Koriya bayi ne, in daina son su?

"Assalamu alaikum Anti. Ni ɗaliba ce a aji biyu na jami'a, shekaruna 19. Bara lokacin dogon hutu na fara kallon finafinan Koriya masu dogon zango, daga nan waya ta riƙa kawo min bidiyon rawar mawaƙansu, yau ga shi har na haddace sunayen 'yan ƙungiya uku. Sai wata ƙawata da muke ɗaki ɗaya ta ce min duk bayi ne, ana hana su abinci, ana hana su soyayya, wasunsu ma kashe kansu suke yi, kuma mu masu kallo mu ne muke ƙara musu. Tun ranar raina bai kwanta ba. Gaskiya ne? Idan gaskiya ne, ya kamata in daina?"

Wa alaikumus salam, ƙanwata. Abu biyu kika tambaya a haɗe: ko abin da ƙawarki ta faɗa haka yake, da kuma ko ke da ke kwance a kan katifa da waya a hannu kina da kamasho a wahalar mutanen da ke can wata uwa duniya. Ta farkon ba ta da wuyar amsawa, domin yawancin abin yana rubuce a takardun kotu da jaridun Koriya ta Kudu. Ta biyun ce ta fi ɗaukar hankalina, kuma a kanta zan fi daɗewa.

Ki san daga inda nake magana. Na zauna a Seoul daga 2016 zuwa 2020 ina karatu a fannin sadarwa, bincikena kuwa a kan ƙungiyoyin masoya mawaƙa ne. Na yi hira da matasan da suka taɓa zama 'yan koyo, wato yaran da kamfani ke horarwa kafin ya fito da su, na kuma samu shiga ɗakin atisaye na wani ƙaramin kamfani ba sau ɗaya ba. Amma baƙuwa ce ni a can, kuma manyan kamfanoni ba sa buɗe wa irina ƙofa. Abin da na gani da idona na ƙanana ne, na manyan kuwa daga abin da ya fito fili na san shi.

Mene ne ake sayar miki?

Wannan sana'a ba ta tsufa ba. A 1992 wasu samari uku, Seo Taiji and Boys, suka fito da kiɗa da rawa irin na Amurka cikin harshen Koriya, matasa suka haukace a kansu. Wani tsohon mawaƙi mai suna Lee Soo-man ya lura cewa ba sai an zauna jiran irin waɗannan su ɓullo da kansu ba, ana iya ƙera su. Kamfaninsa na SM ya tara yara, ya horar da su, ya fito da ƙungiyar H.O.T. a 1996. Kamfanonin YG da JYP suka biyo baya, daga bisani Big Hit, wanda ya fito da BTS a watan Yunin 2013, ya kuma koma HYBE a 2021. Bayan tattalin arzikin ƙasar ya durƙushe a 1997, gwamnati ta fara kallon waƙa da fim a matsayin hajar da za a kai kasuwar waje kamar mota da talabijin. Shi ya sa kalmar aidol a can tana da ma'ana takamaimai: mawaƙin da kamfani ya ɗauka tun yana ƙarami, ya gina shi, ya haɗa shi da wasu a ƙungiya.

Ki tuna yadda kika shiga. Rawar ce ta fara kama ki, mutum bakwai ko tara suna motsi kamar jiki ɗaya. Sai kika ga wani bidiyo suna cin abinci suna tsokanar juna, kika gane wane ne shugaba, wane ne maknae, wato autan ƙungiya, wane ne sarkin barci. Kafin ki ankara kin zaɓi naki, wanda masoya ke kira bayas. Babu ko ɗaya cikin waɗannan matakai da ya zo bisa tsautsayi. Waƙar ƙofa ce kawai, hajar da ke cikin shagon ita ce kusanci, wato ki ji kamar kin san mutumin nan, kamar naki ne. Akwai manhajar Bubble, inda ake biyan kuɗi duk wata domin saƙon mawaƙi ya shigo wayarki da sunanki a ciki, tamkar ke kaɗai ya rubuta wa, alhali dubban mutane ne suka karɓi saƙon a lokaci guda. 'Yan mata a can suna kiran mawaƙan maza oppa, kalmar da mace ke kiran yayanta namiji da ita, tana kuma kiran saurayinta da ita. Ki riƙe wannan batu na kusanci, za mu dawo kansa, domin a ganina nan ne gizo ke saƙa.

Ɗakin da ke ƙarƙashin ƙasa

Kafin a ga aidol a dandamali sai ya yi zaman koyo. Ana ɗaukar yara daga shekara 12, 13, 15, ta hanyar gwaji ko a tsince su a titi saboda kyan fuska. Babu wanda ke gaya musu ranar gamawa. Jihyo ta ƙungiyar Twice shekara 10 ta yi tana koyo a JYP kafin ƙungiyar ta fito a 2015, kuma ita tana cikin waɗanda suka dace, domin ta fito ɗin.

Ɗakin da na riƙa shiga yana ƙarƙashin wani bene ne, babu taga, bango ɗaya madubi ne daga sama har ƙasa. Da damina madubin kan yi raɓa saboda numfashi da gumi, sai wata ta sa tawul ta goge a ci gaba. 'Yan mata takwas ne. Masu zuwa makaranta sukan iso da yamma da kayan makaranta a jikinsu, su canza, su fara, ba za su tashi ba sai wajen sha ɗaya na dare ko fiye. Na taɓa ƙirga wani ɗan guntun taku na daƙiƙa goma da malamin rawa ya sa suka maimaita, na bari a arba'in da wani abu don na gaji da ƙirgar. Kusa da ƙofa akwai ma'aunin nauyi, sama da shi takarda manne da sunayensu da lambobi. Ƙarshen kowane wata ana gwaji a gaban shugabannin kamfani da kyamara, a jera su daga ta ɗaya zuwa ta ƙarshe. Wadda ta daɗe a ƙasa, wata rana sai a wayi gari an cire sunanta daga takardar.

Ɗaya daga cikin waɗanda na yi hira da su ta shiga koyo tana da shekara 15, aka sallame ta tana da 19, wato sa'arki. A shagon shayi da kofi na same ta tana aiki. Abin da ya fi yi mata ciwo, in ji ta, karatun da ta bari ne. A ƙasar da jarrabawar shiga jami'a ke yanke wa mutum makoma, har ana dakatar da tashi da saukar jiragen sama na ɗan lokaci ranar jarrabawar don kada ƙara ta dami ɗalibai, ita ta fito ba karatu ba waƙa. Tana ba ni labari tana jera kofuna, sai wata waƙa ta tashi a lasifikar shagon, na ga kafaɗarta ta motsa da kanta daidai kan kiɗan. Ta yi dariya ta ce jiki ba ya mantuwa.

Irin ta su ne mafi yawa, kuma su ne ba a ba da labarinsu. Ko cikin waɗanda suka fito, ƙungiyoyi gommai ne ake ƙaddamarwa kowace shekara, ƙalilan ne ke kai labari. Sauran ƙungiyoyin kuwa, masoya na kiransu nugu, kalmar Koriya mai ma'anar "wane ne?". Su kan yi shekara biyu ko uku suna rawa a bukukuwan ƙananan garuruwa da sansanonin soja, sannan su watse ba wanda ya ji. A ƙananan kamfanoni da yawa kuɗin horo, na ɗaki, na abinci, na tufafi da na bidiyo duk bashi ne a kan ƙungiyar, sai an cire shi daga abin da ya shigo kafin mawaƙi ya ga ko sisi. Saboda haka kina iya ganin yarinya a talabijin cikin kaya masu ƙyalli alhali iyayenta ne ke turo mata kuɗin mota. Manyan kamfanoni galibi su ke ɗaukar nauyin horon, shi ya sa yara ke rububin shiga can.

Kalmar "bayi" daga ina ta fito?

Ƙawarki ba ita ta ƙirƙiro ta ba, jaridun Koriya da kansu sun yi ta cewa "kwantiragin bauta". A 2009 mutum uku daga ƙungiyar TVXQ, Jaejoong da Yoochun da Junsu, suka kai SM kotu a kan kwantiragin shekara 13 da rabon kuɗin da suka ce babu adalci a ciki. A shekarar ce hukumar kula da adalcin kasuwanci ta ƙasar ta fito da tsarin kwantiragi da ya tsayar da wa'adi a shekara 7. Daga nan masoya suka samo abin da suke kira la'anar shekara bakwai, domin da wa'adin ya cika sai ki ga ƙungiya ta watse ko wani ya fice. Su ukun nan sun samu 'yanci, amma sun yi shekaru kusan ba a ganin su a shirye-shiryen waƙa na talabijin, har a 2015 majalisa ta yi dokar hana gidajen talabijin toshe mawaƙi ba tare da dalili ba, mutane suka laƙaba wa dokar sunan sabuwar ƙungiyarsu, JYJ.

Tsugune ba ta ƙare ba. A 2022 Lee Seung-gi, wanda wataƙila kin san shi a finafinai, ya ce shekara 18 yana waƙa bai karɓi kasonsa na cinikin waƙoƙinsa ba. Idan irin wannan babban tauraro zai yi shekaru bai ga lissafi ba, ki auna yaron da bai da suna. A watan Oktoban 2024 Hanni ta ƙungiyar NewJeans ta je gaban majalisar ƙasar ta ba da shaida a kan wulaƙancin da ta ce ana yi musu a wurin aiki, har ta yi kuka. Wata guda bayan haka ma'aikatar ƙwadago ta ce a idon dokar ƙwadago ita ba ma'aikaciya ba ce, abokiyar yarjejeniya ce, don haka kariyar da dokar ta ba ma'aikaci ba ta hau kanta ba. Ga mutumin da wani ke tsara masa lokacin barci da kalar gashi, amma a takarda shi da kamfanin tsara ne.

Duk da haka ni ba na amfani da kalmar bayi. Sun shiga da ƙafarsu, da yawansu suna ƙaunar aikin ƙwarai, suna iya zuwa kotu kuma wasu sun yi nasara, waɗanda suka kai sama kuwa sun yi arzikin da ni da ke ba mu taɓa mafarkinsa ba. An kuma samu gyara: tun 2014 akwai dokar da ta ƙayyade sa'o'in aikin ƙananan yara a wannan sana'a, sa'a 35 a mako ga wanda bai kai 15 ba. Abin da ya dame ni shi ne wanda ya sa hannu yaro ne, kuma a lokacin da ya sa hannun babu abin da yake da shi na ciniki sai buri.

Batun abinci gaskiya ne, ba sai na ja shi ba. Momo ta Twice ta faɗa da bakinta cewa an ce ta rage kilo 7 cikin mako guda, ta yi kwanaki tana tsotsar ƙanƙara tana kwana da tsoron kada ta mutu a barci. Barci ma haka. Idan ƙungiya ta fito da sabon kundin waƙoƙi, makonni ake yi ana zagaya shirye-shiryen talabijin, a tashi kwalliya tun tsakar dare, a ɗauki shiri da asuba, a kwana a mota. A watan Satumban 2014 motar ƙungiyar Ladies' Code ta yi hatsari cikin ruwan sama suna dawowa Seoul da dare daga ɗaukar shiri, direban yana gudu fiye da ƙa'ida, EunB da RiSe suka rasu. Ga mazan kuma akwai aikin soja na dole, wata 18 a sojan ƙasa, wanda ke faɗowa a tsakiyar ganiyarsu. BTS duk da girmansu jinkiri kawai doka ta ba su zuwa shekara 30, Jin ya shiga a Disamban 2022, sauran suka bi.

Inda hannun masoya ya shigo

Yanzu mu koma kan kusancin nan. Idan ka sayar wa mutum jin cewa wane nasa ne, kuma ya biya, to wata rana zai zo neman haƙƙin mallaka. Hana soyayya daga nan ya samo tushe. Wasu kamfanoni kan sa sharaɗin a shekarun farko, amma mai tsaron dokar na gaskiya masoya ne. A 2024 labari ya fita cewa Karina ta ƙungiyar aespa tana soyayya da wani ɗan fim. Mace baliga, ba matar kowa ba. Wasu masoya suka yi hayar mota mai allon rubutu suka ajiye a gaban kamfanin, suna tambayar ko son da suke mata bai ishe ta ba. Ta rubuta wasiƙar ban haƙuri da hannunta, bayan 'yan makonni soyayyar ta mutu. A watan Oktoban shekarar aka sanar da cewa Seunghan zai dawo ƙungiyar RIIZE bayan dakatar da shi saboda hotunan rayuwarsa ta kafin ya fito da aka watsa. Masu adawa suka jera furannin da ake kaiwa gidan makoki a ƙofar kamfanin, wato furannin mutuwa ga yaron da ke raye. Kwana biyu ya fice daga ƙungiyar.

Akwai kuma waɗanda ake kira sasaeng, masu bibiyar sirri. Suna sayen lambar waya da bayanin jirgin da mawaƙi zai hau, su yi hayar tasi su bi motarsa, su kwana a ƙofar gidansa. Sai a 2021 ƙasar ta samu doka ta musamman mai tsanani a kan bibiyar mutum. Ke ba za ki taɓa zama sasaeng daga inda kike ba, amma hoton da suka ɗauka a ɓoye ta wayoyi irin taki yake yawo, kuma yawan masu kallonsa shi ne ribarsu.

Ina Seoul ranar 18 ga Disamban 2017 da labarin rasuwar Jonghyun na ƙungiyar SHINee ya fito. Shekarunsa 27, yana kan ganiya, marubucin waƙa ne, ya kuma daɗe yana gabatar da shirin rediyo na dare inda yake lallashin masu damuwa. Ya bar wasiƙa da ta nuna ciwon damuwa ya daɗe yana cin sa. Na je wurin da aka buɗe wa jama'a ta'aziyya. Sanyi ne irin mai sa yatsu su daina jin komai, layi ya miƙe ya yi kwana, yawanci 'yan mata cikin baƙaƙen riguna masu kauri, kuma abin da ban manta ba shi ne shirun. Taron da na saba jin ihunsa a filin wasa, ranar ba ka jin komai sai jan hanci da takun takalma. Wata da ke gabana tana riƙe da ɗan ƙunshin ɗumama hannu, ta juyo ta ga baƙuwa tana rawar sanyi, ta miƙo min ba ta ce uffan ba.

Bayan shekara biyu, a Oktoban 2019, mawaƙiya Sulli ta rasu tana da shekara 25, bayan shekaru ana zaginta a intanet kan suturarta da soyayyarta da bakinta da ba ya shiru. Mako shida bayan nan ƙawarta Goo Hara, ita ma mawaƙiya, ta bi ta, tana da 28, ita kuma tana tsakiyar shari'a da tsohon saurayin da ya yi mata barazana da bidiyon sirri, jama'a kuma suna yi mata dariya a kai. Abin ya girgiza ƙasar har manyan shafukan labarai, Daum da Naver, suka rufe wurin sharhi a ƙarƙashin labaran nishaɗi.

A nan sai na ja miki kunne, kuma ni ba likita ba ce. Babu mai iya nuna abu guda ya ce shi ne ya kashe wane. Ciwon damuwa ciwo ne, yana da sassa da yawa. Koriya ta Kudu ta daɗe tana kan gaba a yawan masu kashe kansu cikin ƙasashe masu arziki na ƙungiyar OECD, kuma abin ya shafi ɗalibai da ma'aikata da tsofaffi. Mawaƙan suna rayuwa ne a cikin wannan matsi na gasa da jin kunyar gazawa, sai dai nasu ana kallonsa ta kyamara. Wani abu da ya sauya, kuma na ji daɗinsa, shi ne yanzu kamfani kan fito ya ce wane zai huta saboda ciwon fargaba, kamar yadda aka yi wa Mina ta Twice a 2019, masoya da yawa kuma suka ce ta huta. A da sai dai a ce ba ta da lafiya a rufe zancen.

Kada mu ɗauka wannan hali na Koriyawa ne kaɗai. Ki buɗe shafin kowace 'yar fim ta Kannywood ranar da ta sa hoto ko aurenta ya mutu, ki karanta abin da mutanenmu ke rubutawa. Bambancin shi ne can an mayar da abin kasuwa mai tsari.

Adalci kuma ya sa in faɗi ɗaya ɓangaren. Masoyan nan su ne suke tara buhunan shinkafa da sunan mawaƙinsu a kai wa mabuƙata. A 2020 masoyan BTS sun tara dala miliyan 1 cikin kusan kwana guda don su yi daidai da gudummawar da ƙungiyar ta bai wa masu fafutikar kare baƙar fata a Amurka. Sau da yawa masoya ne ke fara ɗaga murya idan suka ga an fito da mawaƙi dandamali da rauni a ƙafa.

To, ki daina?

Idan zuciyarki ta ce ki bari, ki bari, babu abin da za ki rasa da ba za ki samu a wani wuri ba. Amma kada ki ɗauka barinki zai sauƙaƙa wa wata 'yar koyo a Seoul, kasuwar ba ta dogara da kallonki ba. Hukuncin kiɗa da rawa a addini kuwa ba fagena ba ne, wannan na malamai ne, kuma na san kin san inda za ki same su. Ni abin da zan iya magana a kai shi ne irin masoyiyar da za ki zama idan kin zauna.

Fara da aljihunki. Kundin waƙa a can ba don saurare ake sayensa ba. A cikin kowane akwai katin hoton mamba ɗaya, ba ki san na wa za ki samu ba sai kin buɗe, kuma kowane kundi tikiti ne na ƙuri'ar shiga zaman da mawaƙi zai sa miki hannu ya yi miki magana ta minti ɗaya ko biyu. Na san wata ɗaliba da ta sayi kundi iri ɗaya sama da talatin, ƙuri'a ba ta faɗo kanta ba, ta kwashe katunan ta bar kwalayen a bakin shara. Idan kika juya kuɗin kundi ɗaya da na aikowa zuwa naira, za ki ga ya kusa kuɗin abincinki na makonni. A wajenki tarkon zai fi zuwa ta data da lokaci. Za a saka ki a wani zaure a ce kowa ya kalli sabon bidiyo sau kaza kafin gobe, ya yi zaɓe da asusu biyar, wanda bai yi ba ba masoyin gaskiya ba ne. Ga shi Seoul ta riga Najeriya da sa'a 8, abin da suka saki da yamma yana iske ki tsakiyar lacca, na safiyarsu kuma ya hana ki barci har ki makara sallar asuba. Wannan aiki ne na talla da kamfani ke samu kyauta. Waƙar da kika ji daɗinta ki saurara, ranar da aka fara ba ki jadawali ki fita daga zauren.

Na biyu shi ne yatsanki. Faɗan masoya, inda 'yan wannan ƙungiya ke zagin mawaƙan waccan, shi ne wurin da hannunki zai iya kai wa ga mutum da gaske, domin mawaƙan suna karantawa, sun sha faɗa da bakinsu, kuma manhajojin yanzu suna fassara harsuna da yawa. Hoton da aka ɗauka a ɓoye kada ki tura. Maganar ta yi ƙiba ko ta rame kada ki sa baki, ko da da sunan tausayi ne. Ranar da kuma aka ce bayas ɗinki yana soyayya ko zai yi aure, ki lura da abin da ya taso miki a ƙirji. Idan kishi ne, ba abin kunya ba ne, abin da aka gina hajar ta haifar ke nan, amma alama ce cewa ki ɗan ajiye wayar kwana biyu.

Wataƙila wata rana sha'awar gwadawa da kanki ta zo miki, ko ga wata ƙawarki. Akwai baƙar fata a harkar, Fatou ta ƙungiyar Blackswan, haifaffiyar Senegal da ta girma a Beljiyam, ta fito a 2020. Amma ƙalilan ne ƙwarai, kuma a shekara 19 kamfanoni da yawa na ganin an makara. Duk wanda ya turo miki saƙo cewa shi wakilin kamfani ne, ki biya kuɗin rajista ko ki aiko hotunan jikinki, ɗan damfara ne ko wanda ya fi haka muni. Idan harshen da al'adun ne suka burge ki, akwai Cibiyar Al'adun Koriya a Abuja tun 2010, ana koyar da harshen a can, gwamnatin ƙasar kuma tana ba ɗaliban waje tallafin karatu duk shekara. Rubutunsu, Hangul, haruffa 24 ne na asali, ɗalibaina da yawa cikin mako guda suke fara haɗa baƙi.

Kin ce ranki bai kwanta ba tun ranar. Idan tausayi ne kawai, zai lafa. Idan kuwa kin ga labaran mutuwar nan suna dawo miki da dare, ko sun taɓo wani abu da dama yana cikinki, ki daina bin su, ki samu babbar da kika yarda da ita ki faɗa mata, ko ki je asibitin makaranta. Wannan kada ki bar shi a waya.

Ita ƙawar taki ki gode mata, ta faɗi abin da ta ji kuma rabinsa haka yake. Ki gaya mata Anti ta ce ta zo ku karanta wannan tare, in tana da sauran tambaya ita ma ta aiko.